Koci nagari ba ya gajiyar da 'yan wasansa kullum

A ƙauyukanmu na Jigawa, mutane da yawa sun ɗauka cewa kocin da ya san aikinsa shi ne mai sa matasa gudu kullum har numfashi ya kusa ɗaukewa. Wannan fahimta ba daidai ba ce, musamman a wasan tirayatilon, inda mutum ɗaya yake yin iyo, ya hau keke, sannan ya yi gudu a jere. Wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya a shekarar 2000, da iyo na kilomita 1.5, keke kilomita 40, gudu kuma kilomita 10.

Ƙwararren koci yakan sa a yi yawancin atisaye a hankali, yadda yaro zai iya hira yana gudu. Mai tsananin, sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Dalili shi ne jiki yana ƙara ƙarfi ne lokacin hutu da barci, bayan an wahalar da shi. Wanda aka hana hutu, ciwon gwiwa da na ƙwauri ne ke jiransa.

Kocin yana kuma koya wa 'yan wasansa sauka daga keke su fara gudu nan take, domin ƙafafu kan yi nauyi a lokacin.

A wajenmu kuwa, dole ya lissafa noman damina cikin gajiyar yaro, ya mayar da atisaye bayan sallar asuba a zafin Afrilu, ya kuma hana iyo a kududdufi saboda tsargiya.