Doka ta yarda a kori baƙon da ya yi laifi, amma sai bayan kotu

Duk sanda aka kama wani da laifi a Illela ko Sabon Birni aka ce ba ɗan ƙasa ba ne, magana ɗaya ce ke cika Facebook: a tasa ƙeyarsu gaba ɗaya. Na san inda zafin ya fito, don mutanen gabashin Sakkwato sun sha wuyar da ta ishe su. Duk da haka ban yarda da wannan "gaba ɗaya" ba.

Ba na musun cewa ƙasa tana da ikon korar baƙo. Wanda ya shigo cin kasuwa ko ziyara, da izini ya shigo, kuma mai ba da izini yana iya janye shi. Dokar Shige da Fice ta 2015 ta ba kotu damar ba da shawarar a mayar da baƙon da ta samu da laifi ƙasarsa, Ministan Cikin Gida ya sa hannu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba mutum kwana 90 ba biza ba ta ce ya zo ya yi sata ba. A Birtaniya ma, dokar 2007 ta sa baƙon da aka ɗaure shekara guda ko fiye ya cancanci kora.

Abin da ake tsallakewa shi ne sharaɗin. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, wadda Najeriya ta mayar dokarta, ya ce wanda ya shigo bisa ƙa'ida ba a korarsa sai da hukuncin da ya bi doka, ya kuma haramta korar jama'a a dunƙule. Mutum guda, laifinsa, shari'arsa.

To a nan Sakkwato wa zai nuna min baƙo da ido? Ku tsaya kasuwar Illela ranar Lahadi ku duba masu jan awaki da masu auna gero. Harshe ɗaya, zane ɗaya a kunci, wa yana Ƙonni ta Nijar ƙane yana Gwadabawa, kuma da yawa ba mai takardar haihuwa. Ranar da aka ce a kwashe ba shari'a, Bagobirin da aka binne cibiyarsa a Isa zai tsinci kansa a bayan mota.

An taɓa yi. A 1980, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, gwamnatin tarayya ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, ta ajiye shi a Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, korar ba ta halatta ba. Shi yana da jam'iyya da lauyoyi. Mai ga-ruwa a Sabon Birni wa gare shi?

Wani abin da ke ci min rai kuma, kora ba hukunci ba ce ga ɗan fashi. Ka sauke shi a bakin iyaka da hantsi, kafin la'asar ya biyo hanyar daji a kan babur ya dawo. Wanda aka samu da laifi ya fara cinye wa'adinsa a gidan yari, a ɗauki hoton yatsunsa, sannan a miƙa shi hannu da hannu ga hukumomin ƙasarsa da takarda.