Gora ba icce ba ce

A kasuwar Katako ta Yamai, inda ake sayar da kayan gini, mutane da yawa na lissafa gora cikin itatuwa, saboda tsayinta da taurinta. Gaskiyar magana, gora ciyawa ce, danginsu ɗaya da gero, dawa, shinkafa da rake.

Ka riƙe karan dawa kusa da sandar gora, ka duba: gaɓa bayan gaɓa, ganye siriri mai jijiyoyi a jere. Icce yana ƙara kauri kowace shekara, ita kuwa gora da kaurin da ta tsiro daga ƙasa za ta tsufa. Tsayi kawai take yi, har wasu irin na Sin da Japan kan yi kusan mita 1 a kwana guda. Idan aka sare ta, saiwar da ke yaɗuwa a ƙarƙashin ƙasa sai ta sake fitar da sabbin tsiro, abin da ya sa nake ganin ya kamata mu kula da ita a ƙasar da itatuwa ke ƙarewa.

Furenta ma abin mamaki ne. Wasu irin sukan yi shekaru 40 zuwa 120 ba fure, sannan su yi shi gaba ɗaya, su zubar da iri, su mutu.