Da me aka tura su cikin ramin?

A arewacin Faransa, inda nake zaune, har gobe ba a manta da hatsarin mahaƙar kwal ta Courrières ba. Ranar 10 ga Maris 1906 ƙurar kwal ta kama wuta a ƙarƙashin ƙasa, ta yi bindiga, mahaƙa 1,099 suka rasu.

Abin da mutanen nan suka fi son ba da labarinsa shi ne zuwan Jamusawa. Ƙasashen biyu ba sa ga-maciji tun yaƙin 1870, amma masu ceto daga mahaƙun yankin Ruhr suka tsallako iyaka, goye da na'urorin numfashi irin waɗanda mahaƙar ba ta tanada ba, suka kutsa cikin hayaƙi da warin gawa. Wannan jarumtaka ce, ba musu.

Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Kwana uku kacal aka yi, masu kamfanin suka yanke ƙauna, aka toshe wasu hanyoyin don a kashe wutar. Ran 30 ga wata sai ga mutum 13 sun fito da ƙafafunsu, bayan kwana 20 suna lalube cikin duhu, suna cin hatsin dawaki da naman dokin da suka yanka. Ran 4 ga Afrilu aka sake samun wani da rai. Wa ya san nawa ne suka mutu suna jiran a zo?

A watan Yunin 2024 rami ya rufta da masu haƙar ma'adinai a Galkogo, ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, bayan ruwan sama mai ƙarfi. Wallahi samarinmu ba su gaza Jamusawan nan zuciya ba. Duk inda rami ya rufta a Neja ko Zamfara, abokan aiki ne ke fara dirawa da diga da shebur, ƙasa na ci gaba da zubowa a kansu. Sai mu yaba musu, mu ce ƙaddara ce, Allah ya jiƙan musulmi, shi ke nan.

Matan Courrières ma sun yi kuka, amma ba su tsaya nan ba. Sun yi cincirindo a ƙofar mahaƙa suna neman a buɗe, dubban mahaƙa suka shiga yajin aiki na makonni, har gwamnati ta turo sojoji. Daga baya aka kafa cibiyar masu ceto a garin Liévin da ke yankin, da kayan aiki da horo. Mu kuwa ko cikakken jerin sunayen waɗanda ƙasa ta binne a Galkogo ban ji wanda ya tsaya kai da fata sai an fitar ba.