Rasit ɗin Baffa

Har yau in na ji ƙarar firinta sai gabana ya faɗi. Akwai wata manhajar lissafi mai buga rasit da na haɗa wa Baffa ta shagonsa na Sabon Layi. Na yi mata wurin saiti, mutum ya canza sunan shago, girman rubutu, kala. To kowane saiti dole ka ba shi abin da zai koma kai in bai samu na mai shi ba, ni kuma ranar ina jin haushi Baffa ya hana ni kuɗin data, sai na cika gurbin suna da ALHAJI MAI MAƘO DA 'YA'YANSA. Wai zan goge daga baya.

Fayil ɗin saitin kuma na sa shi cikin Program Files, wato ma'ajiyar manhajoji a kwamfuta, inda Windows ba ya barin a yi rubutu sai da izinin admin, wato mai cikakken iko da kwamfutar, alhali wata ma'ajiyar mai suna AppData aka tanada don haka, kuma ni da hannuna na rubuta cewa in ajiya ta ƙi manhajar ta yi gum.

Ran Asabar shago cike, na sa sunan gaskiya, na danna ajiye, Baffa har da "Allah ya yi albarka, ɗan nan". Ashe bai ajiyu ba. Sai aka ɗauke wuta. Aka tada janareta, kwamfuta ta dawo, wata hajiya ta sayi katan biyu na taliya, firinta ya yi ƙiiii. Baffa ya yago takardar, ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya matso bakin ƙofa don haske. A hankali ya karanta, a bayyane. "Alhaji... mai..." Ya tsaya. Ya koma farko. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce "Wane ne wannan?" Na ce Baffa bairos ne. Ya ce "Bairos ɗin har ya san ina da 'ya'ya?"

Amma wanda ya fi ƙona min rai maƙwabcinsa mai robobi ne, da ba wanda ya kira shi, ya karɓi rasit ɗin ya kai wa mai shayi, daga nan har layin 'yan takalma. Mutumin da tun azumin bara nake binsa 3,500 na gyaran waya! Yanzu in na wuce sai ya ce "Injiniya, a buga min ɗaya."

Baffa dai ya koma littafinsa da biro. Kuɗin datar ma shiru.