Abu Ali mun san sunansa, sauran shidan fa?

Duk shekara in watan Nuwamba ya kama sai ka ga hoton Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ya cika Facebook, kowa na Allah ya jiƙan Sarkin Yaƙi, kuma wallahi ya cancanta. Mutumin da ya ja tankoki aka ƙwato Baga daga hannun Boko Haram a 2015, lokacin da mu nan ƙauye ko labaran rediyo na yamma tsoron kunnawa muke, har Buratai, shugaban sojojin ƙasa na lokacin, ya je Gamborun Ngala da kansa ya liƙa masa anini daga Manjo zuwa Laftanar Kanar tun lokacin ƙarin girmansa bai yi ba. Ɗan sarki ne fa, mahaifinsa Etsu na Bassa-Nge a Kogi kuma tsohon Birgediya, da ya so zaman ofis mai sanyi ina ga da ya samu. Ranar 4 ga Nuwamba 2016 aka kashe shi a Malam Fatori yana ɗan shekara 36, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Abuja.

To amma ni ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, ran nan ba shi kaɗai aka binne ba, da wasu sojoji shida. Dan Allah wa zai iya kawo sunan ko mutum ɗaya a cikinsu ba tare da ya duba waya ba? Kuma su ma sun ci sa'a, albarkacin oga aka ɗauki hoton akwatunansu. Irin kuratan da ke fita daga ƙauyukanmu na ƙasar Gumel da Ringim da Haɗeja, yaron da noma ya ƙi shi ya je Zariya ya sha horo aka tura shi daji, shi in ya faɗi waya kawai ake bugo wa wansa.

A unguwarmu akwai guda. An yi zaman makoki a ƙofar gida kan tabarmi, aka yi sadakar uku, liman ya yi addu'a kowa ya watse, gawa ma ba mu gani ba. Matar ta gama takaba ta dawo ɗakin uwarta da yara uku, yanzu awara take soyawa bakin makarantar firamare, takardun haƙƙinsa na cikin wata baƙar leda a ƙasan akwati duk sun yi laushi saboda yawon ofis ofis, kullum a ce ta dawo. Babban yaron shi ke saka rigar sanyin uban da asuba, hannun rigar har gwiwa.

Kuma kar mu ɗora wa gwamnati duka, mu ma da namu. Mu ne masu cewa soja marmari daga nesa, ya zo neman aure a yi ta jan ƙafa, ya mutu kuma mu ce jarumi. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, manya su ajiye furanni su saki tattabaru, wannan nasu ne, mu ba furanni muka gada ba. Yanzu kaka ce, gero ya shiga rumbu ana yankan dawa, duk wanda amfaninsa ya kai nisabi zai fitar da dami ɗaya cikin goma. Mai unguwa ya san gidajen nan, liman ma ya sani, ranar Juma'a in an sallame a tashi a faɗa a masallaci, a fara kai wa marayun nan kafin a rarraba sauran.