A daina yi wa jiragen sulken Rasha na farko dariya

Duk bayan ɗan lokaci sai wani ya ɗora hoton Novgorod a Facebook, jirgin ruwan yaƙin Rasha mai siffar faifai, a yi ta sheƙa dariya a ƙasa ana cewa ga jirgi mafi muni da aka taɓa ƙerawa. Daga nan sai a haɗa duk jiragen sulken Rasha na farko a yi musu kuɗin goro: wai sun ci kuɗi, sun tsufa, ba su taɓa yin wani yaƙin a zo a gani ba. Maganar yaƙin gaskiya ce. Hukuncin ne ban yarda da shi ba.

A tuna halin da Rasha take ciki. A 1855 Faransa ta kawo jirage uku masu sulken ƙarfe gaban ganuwar Kinburn, sansanin Rasha a gaɓar Bahar Aswad, igwogin Rasha suka yi ta ruwan wuta a kansu ba su huda su ba, ganuwar ta miƙa wuya. Yarjejeniyar Paris ta 1856 kuma ta hana Rasha ajiye rundunar jiragen yaƙi a Bahar Aswad. Da tawayen Poland ya ɓarke a 1863, Ingila da Faransa suka fara zare ido, abin da ya hana mahukunta barci shi ne kada a wayi gari jiragen Ingila sun wuce Kronstadt, sansanin da ke gadin birnin ta ruwa, sun tsaya a bakin Saint Petersburg. Shi ya sa aka ɗauko jirgin sulke Pervenets daga Landan, inda aka ƙera shi, tun ba a gama aikinsa ba, don kada Ingila ta riƙe shi. Shi ya sa aka ƙera jirage 10 a kan fasalin jirgin sulke Passaic na Amurka cikin kamar shekara biyu. Masu gadin ƙofa ne aka yi, ba mafarauta ba. Jikinsu a nutse yake cikin ruwa, sulke a waje, manyan igwogi a sama, ga ganuwar Kronstadt a bayansu. Babu wanda ya zo ya gwada ƙofar. Ni a wajena wannan aiki ne da aka gama, ko da ba a harba ko ƙwaya ɗaya ba.

Shi kansa Novgorod ɗin, dalili ne ya haife shi. Bayan Rasha ta yi watsi da sharaɗin Bahar Aswad a 1870, ba kuɗi, ba manyan ma'aikatun jirage a kudu, ga bakin kogin Dnieper ba zurfi. Admiral Popov ya ce a yi shi da'ira don ya ɗauki sulke mai kauri da igwa biyu masu bakin inci 11 ba tare da ya nutse sosai ba. A Petersburg aka ƙera sassansa, aka kai su Nikolayev da ke kudu aka harhaɗa, aka saka shi ruwa a 1873, faɗinsa wajen mita 31, da farfela shida. Nawa gare shi, juya shi aiki ne, wannan ba musu. Amma a yaƙin 1877 da Turkiyya an ajiye shi gadin Odessa, kuma jiragen sulken Turkawa, da suka fi ƙarfi a tekun nesa ba kusa ba, ba su kawo wa birnin farmaki ba.

Ribar da ba a cika faɗa ba ita ce makaranta. A kan waɗannan jiragen sojojin ruwan Rasha suka koyi harbi da tuƙa jirgin ƙarfe, kuma karatun bai zo da arha ba: a atisayen 1869 jirgin sulke Kreml ya soki Oleg, jirgin katako na rundunarsu, ya nutsar da shi. A shekarar dai wani jirgin sulken, Rusalka, ya bugi dutse, ruwa ya yi ta shiga har sai da aka kai shi wuri marar zurfi. Wani ƙaramin hafsa da ke cikinsa, Stepan Makarov, ya zauna ya yi nazarin abin, ya fito da dabarar tabarmar toshe huji da sojan ruwa suka daɗe suna amfani da ita. Shi ne a 1878 ƙananan jiragensa suka nutsar da jirgin Turkiyya Intibah da nakiya mai tafiya da kanta a Batum.

Inda nake ganin laifi na gaske shi ne abin da aka yi da su bayan sun tsufa. Rusalka ɗin nan, tsakanin benensa da ruwa bai fi santimita 60 ba. An yi shi don ya raɓe a gaɓa. A watan Satumba na 1893, yana da shekara 25 a bakin aiki, aka tura shi ya tsallaka mashigin Finland daga Reval, wato Tallinn ta yau, zuwa Helsinki, tafiyar kamar kilomita 80, alhali alamun hadari sun bayyana. Ƙaramin jirgin da aka haɗa su tafiya, Tucha, ya yi gaba ya bar shi. Iska ta taso, igiyar ruwa ta riƙa wanke benen. Mutum 177 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Abin da teku ya maido shi ne tarkace da kwalekwale ɗaya da gawar matuƙi ɗaya a ciki. Sai a 2003 masu bincike na Estoniya suka gano jirgin a zurfin mita 74, a tsaye ƙyam, hancinsa a kafe cikin laka.

To wa za a tuhuma a nan, maƙeri ko mai ba da umarni? Jirgin da ya yi shekara 25 yana abin da aka yi shi dominsa bai ci amanar kowa ba. Mutane ne suka saba da shi har suka manta iyakarsa. Kotun sojan ruwa ma can ta karkata: ta tsawatar wa admiral ɗin da ya bari aka fita cikin wannan yanayi, ta sauke kwamandan Tucha daga muƙaminsa saboda ya bar abokin tafiya. Tsawatarwa da sauke mutum ɗaya, a kan rai 177. A ganina an yi musu sassauci ƙwarai.