Kawu Na-Da da Sakan 29

ƊAN ZUMUƊI: Kawu! Kawu ka ji? Ya fito! Wallahi mutumin nan ya gama da kowa, wannan shi ne albam ɗin shekara, kai na shekara goma ma, ni tun daren jiya ban runtsa ba.

KAWU NA-DA: Ya lalace.

ƊAN ZUMUƊI: Au, har ka saurara ke nan?

KAWU NA-DA: Allah ya sawwaƙe. Sai na tsoma hannu a wuta kafin in san tana ƙuna? Hoton bangon kawai na gani. Mutumin da muka sani daga shi sai jitarsa sai riga ɗaya, yau shi ne da baƙin tabarau. Yaro, duk mawaƙin da ya sa baƙin tabarau to ya daina ganin talaka.

Farfesa, wanda har yau babu wanda ya san makarantar da ta ba shi wannan suna, ya gyara zama.

FARFESA: Tsaya tukuna Zumuɗi, da kai zan fara. Albam ɗin nan sha biyun dare aka sake shi, waƙa 11 ne, minti 48. Kai kuma sha biyu da minti shida ka rubuta a Facebook wai babu waƙar tsallakewa ko ɗaya. Da kunne nawa ka saurara?

ƊAN ZUMUƊI: Haba Farfesa, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

FARFESA: Madalla da ka ambaci Juma'a. Ka san tun watan Yulin 2015 kamfanonin waƙa suka haɗa baki kowa ya riƙa sakin sabon albam ranar Juma'a a duk duniya? Kafin nan Amurka Talata take saki, Ingila Litinin, kafin ya isa wata ƙasar 'yan kwafi sun riga sun baza shi a intanet, shi ya sa...

KAWU NA-DA: Wa ya tambaye ka?

Babu wanda ya tambaye shi. Ba a taɓa tambayar Farfesa ba, kuma hakan bai taɓa hana shi ba da amsa ba.

KAWU NA-DA: Ni nan da kuke gani, tun kaset ɗinsa na farko nake tare da shi, lokacin da ko uwarsa ba ta yarda zai yi suna ba. Kaset ɗin ya tsinke sau uku na liƙe shi, da biro nake juya shi don kar batir ya ƙare. Mu muka san shi. Ku kun zo ne bayan an share fili an shimfiɗa tabarma. Yanzu an ce min har ganga ya sa, da fiyano, da wata jita mai jona wuta. Jita mai wuta! Wanda zai faɗi gaskiya me ya haɗa shi da soket?

FARFESA: Amma Kawu, albam ɗin da ya wuce ma haka ka ce. Ka ce ya sayar da mu, har ka rantse ba za ka ƙara jin muryarsa ba.

KAWU NA-DA: Wancan? Kai, wancan ai shi ne aiki! Ina ma zai koma irin wancan.

FARFESA: To ai shi ka zaga.

KAWU NA-DA: Lokacin yana sabo ne. Yanzu ya tsufa ya yi hankali. Waƙa ba ta zama waƙa sai ta shekara bakwai, kafin nan surutu ce.

FARFESA: Irinku sun daɗe a duniya, ranka ya daɗe. A 1965 mawaƙin Amurka Bob Dylan ya hau dandamali a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport a Amurka, mutane suna jiran shi da jitarsa ta katako kamar yadda suka saba, sai ga shi da mai wuta da makaɗa a bayansa. Wasu suka yi ta yi masa ihu. Shekara ta zagayo, 1966, yana wasa a Manchester wani daga cikin jama'a ya ɗaga murya ya kira shi Yahuza, wato maci amana.

KAWU NA-DA: Allah ya yi wa wannan bawan albarka. Ko ban san shi ba ɗan'uwana ne.

FARFESA: To shi wanda aka yi wa ihun, a 2016 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi.

KAWU NA-DA: Ka gani ko? Da bai jona wuta ba da biyu za a ba shi.

Ana cikin haka sai ga Anti Hawaye, ido ya kumbura, iyafis ɗaya a kunne ɗaya yana reto, ko sallamar kirki ba ta iya ƙarasawa ba.

ANTI HAWAYE: Kun ji ta huɗu? Wayyo ni. Da ni yake. Wallahi da ni yake, kamar yana laɓe a bayan ƙofa lokacin da abin ya faru, inda yake cewa na ba ki ƙuruciyata kin bar ni a tsakar hanya, ni dai sau tara na maimaita ina kuka.

FARFESA: Anti, waƙar fa a kan tsohuwar motarsa ce. Baiti na biyu har ya ambaci giya da birki.

ANTI HAWAYE: To ai shi ma baban yaran haka yake, kullum sai an tura.

Ta ci gaba da kukanta. Farfesa ya buɗe baki ya rufe, abin da ba a saba gani ba.

ƊAN ZUMUƊI: Kawu don Allah ka ji ko ɗaya ce, in ba ta yi ba na yarda ka zage ni har jikokina.

KAWU NA-DA: Kunna. Ba don ina so ba, don in nuna muku inda ɓarnar take.

Zumuɗi ya danna. Kiɗa ya tashi da ƙarfi, wata murya ta shiga yabon laushi da barci mai daɗi. Kawu ya miƙe tsaye, hula ta karkace.

KAWU NA-DA: Kun ji ko? KUN JI KO? Katifa! Mutumin da ya yi mana waƙar marayu, ya yi ta manomin da ruwa ya ci gonarsa, yau katifa yake wa waƙa! Har muryar ya canza, ji yadda ta koma ta mata!

ƊAN ZUMUƊI: Kawu talla ce. Ba a fara ba tukuna.

Nan kam sai na ɗan tausaya wa Kawu, don ni ma abin yana ci min rai. Mutum ya shekara huɗu yana jiran mawaƙinsa, ya samu wuri ya natsu, ya rufe ido, sai a fara yi masa ihun katifa da ƙarar da ta ninka ta waƙar, wai in ba ka so ka biya duk wata. Amma Kawu ba irin wanda ake tausaya wa ba ne, ba ya bari.

KAWU NA-DA: Na san talla ce. Gwada ku nake. Kuma ko tallar ma, ta da ta fi.

Waƙar ta fara. Babu ganga, babu fiyano, jita ce kawai a hankali, sai muryar nan da ta ɗan dishe. Kawu ya koma ya zauna. Babban yatsan ƙafarsa ya fara motsi, da ya lura mun gani sai ya take shi da ɗaya ƙafar.

FARFESA: Ka dai san Kawu, a manhajar sauraren waƙa ta Spotify da zarar waƙa ta kai sakan 30 an ƙirga ta an saurara, kuma da wannan ƙirgen ake raba kuɗi. Abin da ke zuwa a kan saurare ɗaya bai kai santi guda na dala ba, shi ma sai kamfani ya ɗebi nasa, amma dai...

KAWU NA-DA: Kashe! Kashe yaro! Sakan nawa?

ƊAN ZUMUƊI: 29.

KAWU NA-DA: Alhamdulillahi. Ko ƙurar santi ce ba zai ci tawa ba. Maido ta farko.

Aka maido. Sakan 29 ya ce a kashe. Aka sake maidowa. Ya kira wani mai wucewa da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ce zo ka ji yadda ake lalacewa, aka kunna masa sakan 29, mutumin ya ce ai kuwa da daɗi, Kawu ya ce wuce ka ba mu wuri. Matsalar ita ce daidai sakan na 29 ɗin nan mawaƙin yake jan numfashi zai shiga amshi, kullum a nan ake yanke shi, baki buɗe. A karo na goma sha biyu Kawu da kansa ya ja numfashin tare da shi.

KAWU NA-DA: Wai me yake cewa bayan nan?

ANTI HAWAYE: Cewa yake...

KAWU NA-DA: Ban tambaye ki ba, ke mota ma kuka take sa ki. Farfesa, in a wayar yaron nan aka kunna, sunan wa ake rubutawa?

FARFESA: Nasa.

KAWU NA-DA: Ni babu ruwana?

FARFESA: Ko kaɗan.

Kawu ya ja kujerarsa baya kamar taku uku, ya juya mana ƙeya, ya harɗe hannu yana kallon bango.

KAWU NA-DA: To yaro, kai da ba ka da kishi, kunna abinka har ƙarshe. Ni zama kawai nake, iska nake sha.

Zumuɗi ya kunna. Amshi ya shigo.

KAWU NA-DA: Lalacewa. Ƙara murya, ba na jin lalacewar sosai daga nan.